Sama ta juye mini a Afirka ta Kudu: me zan gani da tabaron hangen nesa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Kano, ina karatu a Bloemfontein, Afirka ta Kudu. Tun ina gida nake son kallon taurari, amma da na zo nan sai komai ya rikice mini. Tauraron arewa ya ɓace, Kaza da 'Ya'yanta ta koma can ƙasa ta wajen arewa. Na sauke jerin Messier a waya, amma abubuwan da mutanen nan suke ta yabo babu su a ciki. Ina da tabaron hangen nesa mai ido biyu, an rubuta 10x50 a jikinsa. Na gwada daga bayan ɗakin kwananmu, ban ga komai ba sai tabo-tabo fari-fari, babu launin da nake gani a hotuna. Shin sai na sayi babban madubin hangen nesa ne, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba? Da me zan fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abu uku ka tambaya a dunƙule: me ya sa sama ta sauya, me ya kamata ka nema a cikinta, sannan ko tabaron da ke hannunka ya isa. Na ƙarshen zan fara amsawa, don kada ka taɓa kuɗin abincinka. Ya isa, har da saura. A 1751 wani Bafaranshe, Nicolas-Louis de Lacaille, ya sauka a Cape Town, ya zauna yana auna taurarin kudu. Ya rubuta kusan 10,000, ya kuma lissafa abubuwa 42 masu hazo-hazo, duka da wani madubi da faɗin bakinsa bai wuce rabin inci ba. Naka kowane ido milimita 50 ne, kusan ninki huɗu na nasa a faɗi. Yawancin abin da zan ambata a ƙasa yana cikin waɗannan 42. Abin da ya hana ka gani yana wajen wuri da lokaci da kuma inda kake dubawa.

Dalilin da komai ya rikice

Kano tana digiri 12 arewa da layin Ikwaita, Bloemfontein tana digiri 29 kudu da shi. Ka zagaya ƙwallon duniya da digiri 41, sai sama ta karkata maka da daidai wannan adadin. Tauraron arewa, wanda a Kano yake digiri 12 sama da ƙasa, yanzu yana ƙarƙashin ƙasa, ba zai fito maka ba ko da wane lokaci. Kaza da 'Ya'yanta da take wucewa kusan ta tsakar kanka a gida, a nan iyakarta digiri 37 ta wajen arewa. Ka ma lura da irin wannan a sallah, tunda alƙibla ta koma maka arewa da ɗan karkatawa gabas. Abin da ka rasa a arewa ka samu madadinsa a kudu, kuma a ganina kai ne da riba, domin mafi cikar ɓangaren farar hanyar nan da ke ratsa sama, wato galaksinmu, babban tarin taurarin da ranarmu take ciki, a kudu yake.

Jerin Messier kuwa a birnin Paris aka tsara shi, a ƙarni na 18. Charles Messier mai farautar taurari masu wutsiya ne, ya rubuta abubuwan da suke ruɗa shi don ya riƙa kauce musu, kuma abin da samaniyar Paris ta nuna masa kaɗai ya rubuta. Mafi kudancin abin da ke ciki shi ne M7, wato na bakwai a jerin. Kada ka jefar da jerin, don M7 da M8 da M22 sun fi kyau daga inda kake fiye da inda shi ya gan su. Amma ka haɗa da jerin Caldwell na 1995, ko jerin Jack Bennett, mutumin Pretoria wanda da sha'awa kawai ya gano tauraro mai wutsiya a ƙarshen 1969 ya kuma tsara jerin abubuwan kudu. A taswira mafi yawansu da lambar NGC ko IC, wato manyan kundayen abubuwan sama, za ka same su, shi ya sa zan riƙa ba ka lambobin.

Ka fara da Kuros ɗin Kudu

Duk wanda na taɓa koya wa samaniyar kudu daga nan nake fara masa, don kusan komai daga nan ake lalubo shi. A taswira Crux aka rubuta. Shi ne mafi ƙanƙanta cikin rukunan taurari 88, taurari huɗu masu haske da ƙaramin na biyar a gefe. Akwai wani kuros na bogi kusa da shi, ya fi shi girma, ya fi shi dushewa, yana yawan ruɗar baƙi. Na gaskiyan yana da 'yan rakiya biyu masu haske sosai da suke nuna shi, Alpha Centauri da Beta Centauri. Idan babu su, ba shi ba ne. Alpha ɗin nan shi ne maƙwabcin ranarmu mafi kusa da ido ke gani, haskensa shekara huɗu da 'yan watanni yake yi a hanya. Da wannan awon ake faɗin nisa a sama: shekarar haske ɗaya kusan kilomita tiriliyan 9.5 ce.

Ka kuma koyi awo da hannu. Ka miƙa hannu sosai ka dunƙule, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne, ƙaramin yatsa kusan digiri 1. Tabaronka yana ɗaukar kimanin digiri 6 a kallo ɗaya. Idan ka ja doguwar sandar kuros ɗin daga kai zuwa ƙafa ka ci gaba har ninki huɗu da rabi, ka isa wurin da dukan samaniyar kudu take juyawa a kai. Ka sauke ido ƙasa daga nan, kudu ke nan.

Daga Afrilu zuwa Yuni, bayan isha'i, kuros yana can sama. Ka sa tabarau a kan Beta Crucis, tauraron hannun da ke ɓangaren 'yan rakiya. Yatsa ɗaya daga gare shi akwai ɗan cunkoson taurari, NGC 4755, wanda ake kira Akwatin Lu'ulu'u saboda yadda John Herschel ya kwatanta shi lokacin zamansa a Cape Town daga 1834 zuwa 1838. A 10x50 ƙarami ne, mai kusurwa uku, idan ka tsayar da hannu za ka ƙirga taurari kaɗan a ciki. Madubi ne ke fito da jan tauraron da ke tsakiyar farare da shuɗaye. Dab da shi akwai wani baƙin fili a tsakiyar farar hanya, faɗinsa ya kai digiri 5 zuwa 7. Buhun Gawayi ke nan, gajimaren ƙura mai nisan shekarar haske kusan 600 da ya tare hasken taurarin bayansa. 'Yan asalin Ostareliya suna ganinsa a matsayin kan wani tsuntsu mai kama da jimina, wanda jikinsa ya miƙe cikin baƙaƙen wuraren farar hanya. Ni da shi nake auna dare: idan na ga gefunansa da ido tsirara, na san wurin ya yi duhun da ake bukata.

Yanzu ka koma ɗaya ɓangaren kuros, kishiyar 'yan rakiya, ka auna dunƙule ɗaya da ɗan ƙari. Nan ne yankin Carina, kuma ban san wani wuri a sama da ya kai shi daɗin kallo da tabarau ba. A tsakiya akwai hazon NGC 3372, gajimaren iskar gas da ake haihuwar taurari a cikinsa. Faɗinsa kusan digiri 2 ne, ya ninka sanannen hazon Orion sau huɗu, alhali yana da nisan shekarar haske 7,500 ko fiye. Ka daɗe a kansa. Da farko haske ne kawai ba fasali. Bayan minti biyu ko uku sai ka ga wata baƙar hanya ta tsaga shi, ta yi kwana mai kaifi, ta raba shi gida-gida, ɓangare ɗaya ya fi sauran haske. A cikin wannan ɓangaren akwai tauraro mai ruwan lemo, Eta Carinae. A 1843 ya kumbura har ya zama na biyu a haske cikin taurarin dare, Sirius kaɗai ya fi shi, sannan ya dushe har ido ya daina ganinsa. Yanzu yana ta dawowa a hankali, kuma masana suna sa ran ƙarshensa fashewa ce. Ka ɗan gusa digiri 3, ga NGC 3532, ɗaruruwan taurari masu kusan haske ɗaya a shimfiɗe. Daga Eta Carinae ka gangara kudu digiri 4 zuwa 5, ga IC 2602, wadda ake kira Kazar Kudu don kamarta da wadda ka sani a gida.

Sai Omega Centauri, NGC 5139. Daga Beta Centauri ka ja layi zuwa Epsilon Centauri, ka ci gaba kusan wannan tazarar. Da ido za ka ga tauraro da ya ƙi tsayawa ɗigo ɗaya, ya yi dishi-dishi. Mutanen zamanin da sun ɗauke shi tauraro ne har suka ba shi harafi irin na taurari, sai a 1677 Edmond Halley daga tsibirin St Helena ya rubuta cewa ba tauraro ɗaya ba ne. Dunƙulallen gungu ne mai taurari kusan miliyan 10, mafi girma a galaksinmu, a nisan shekarar haske 17,000. Masana da yawa suna ganin ragowar tsakiyar wani ƙaramin galaksi ne da namu ya haɗiye. A tabaronka ƙwallon haske ne mai faɗin cikakken wata, ba zagayayye sak ba, ya ɗan baje ta gefe biyu. A madubi mai inci 8 kuwa sai ya tarwatse, kamar an barbaɗa garin gero a kan baƙin zane. Daga inda kake yana hawa har digiri 71. Digiri huɗu da rabi arewa da shi akwai Centaurus A, NGC 5128, galaksi mai nisan shekarar haske kusan miliyan 12, wanda James Dunlop ya gano daga Ostareliya a 1826. Ɗan tabo ne a 10x50, kuma sai wuri ya yi duhu.

Gajimare biyu da iska ba ta kora

Daga Oktoba zuwa Fabrairu kuros yana ƙasa da farkon dare, sai Gajimaren Magellan su hau. Da ido guntaye biyu ne na farin gajimare, babba da ƙarami, da ba sa gushewa. Galaksi ne guda biyu maƙwabtanmu, babban a nisan shekarar haske kusan 160,000, ƙaramin kusan 200,000. A Bloemfontein ba sa faɗuwa gaba ɗaya, sai dai su yi ƙasa su sake hawa. Ƙaramin ya fi kyau wajen Nuwamba, babban wajen Janairu.

Kusa da ƙaramin, digiri biyu da 'yan kai, akwai 47 Tucanae, NGC 104. Ba na gajimaren ba ne, namu ne, nisansa kusan 15,000, layi ɗaya kawai suka faɗo. Masu kallo a kudu sun daɗe suna gardama a kan shi da Omega wanne ya fi. Ra'ayina, da tabarau Omega ya yi gaba saboda girma. Da madubi kuwa 47 Tucanae nake zaɓa, don tsakiyarsa ta cure ƙwarai tana ƙyalli, taurari suna raguwa a hankali har gefe, ido yana samun wurin tsayawa. Omega haskensa kusan bai ɗaya ne ko'ina.

A jikin babban gajimaren, gefen doguwar sandar haskensa, za ka ga wani ƙulli mai haske. Hazon Tarantula ke nan, NGC 2070. Ka tsaya ka yi tunani a kan abin da kake gani: gajimaren gas ne a cikin wani galaksi daban, amma tabaron hannu yana nuna shi. An ƙiyasta cewa da yana kusa da mu kamar hazon Orion, da haskensa ya yi wa mutum inuwa da dare. A gefensa tauraro ya fashe a Fabrairun 1987, fashewa ta farko da aka gani da ido tsirara tun 1604. Cikin waɗanda suka fara ganinta akwai Albert Jones na New Zealand, mai kallon sha'awa irinmu, wanda ya san wurin sosai har ya gane akwai baƙon tauraro. Ina kawo labarinsa ga masu farawa don su san amfanin komawa wuri ɗaya dare bayan dare.

Lokacin sanyinku, Yuni zuwa Agusta, akwai wani abin da ka samu saboda zamanka a digiri 29. Tsakiyar galaksinmu tana wucewa ta tsakar kanka daidai. Ka shimfiɗa abin kwanciya ka kwanta rigingine, ka bi wutsiyar Kunama, wato Scorpius, zuwa M7 da M6, ka wuce zuwa M8 da M22 a rukunin taurarin Sagittarius. A wannan yankin ba ka ma bukatar jeri, ka bi farar hanya da tabarau a hankali kawai.

Maganar launi da tabo-tabo

Tabo fari-fari da ka gani, su ne. Ba ka yi kuskure ba. Idon mutum yana da ƙwayoyin gani iri biyu. Masu gane launi suna bukatar haske mai yawa, masu aiki a duhu kuwa ba su san launi ba. Kyamara tana tara haske na minti da yawa ko awanni kafin ta fitar da hoto, ido ba ya tarawa. Ko da babban madubi, hazo toka-toka zai fito maka, wani lokaci da ɗan kore. Launi a taurari ɗaiɗai za ka same shi, kamar Gamma Crucis da ke kan kuros, mai ja-ja, sauran ukun kuma farare masu shuɗi.

Abin da zai sauya maka kallo shi ne duhu. Bayan ɗakin kwana, da fitilun tsaro a kowace kusurwa, gungun taurari za su fito amma hazo da galaksi za su nutse. Wata ma haka yake yi, kuma a nan lissafin watan Musulunci da ka saba da shi zai yi maka aiki: daga wajen 20 ga wata zuwa 3 ko 4 ga sabo, farkon dare duhu ne. Idan ka isa wurin, ka ba idonka minti 20 zuwa 30 ya saba. Kallon fuskar waya sau ɗaya yana rushe wannan. Manhajar Stellarium kyauta ce kuma tana da jan haske don dare, ka kunna shi ka rage hasken har ƙasa, ko ka zana taswirarka a takarda tun da rana.

Sai riƙon tabarau. Ninki 10, wato 10 ɗin da ke cikin 10x50, yana ninka rawar hannu ma sau 10. Ka jingina da bango ko mota, ka kafa gwiwar hannu a kan wani abu, ko ka kwanta. Ka riƙe shi ta can gaba kusa da manyan gilasan. Idan abu ya dushe, kada ka zuba masa ido kai tsaye, ka dubi ɗan gefensa kana lura da shi ta wutsiyar ido, don ƙwayoyin duhu sun fi yawa a gefen ido. Centaurus A yakan ɓace idan na kalle shi sak, ya dawo idan na kauda ido kaɗan. Ka riƙa rubuta abin da ka gani da kwanan wata, ko da zane ne na fensir. Mai zane dole ya daɗe yana kallo, kuma a daɗewar ake ganin abin da aka tsallake.

Garinku yana kan tudu, kusan mita 1,400, kuma sanyinsa busasshe ne, sama tana yin garau. Sai dai da dare sanyin yakan sauka ƙasa da sifiri, ya wuce hunturun da ka sani nesa ba kusa ba. Ka sa kaya bisa kaya, da hula da safar hannu da ta ƙafa. Kada kuma ka fita bayan gari kai kaɗai da dare, kada ka shiga gonar kowa ba izini. Ƙungiyar masu nazarin taurari ta kudancin Afirka, ASSA, wadda aka kafa a 1922, tana da reshe a Bloemfontein, kuma cibiyar kallon taurari ta Boyden da ke wajen gari takan buɗe wa jama'a a wasu darare. Ka bi su. Ni daga nan ba zan iya auna maka duhun unguwarku ba, su ne suka san inda ake zuwa lafiya.

Wani abin da zai faranta maka: ba duka za ka bari a can ba idan ka gama karatu. Daga Kano, Omega Centauri yana hawa digiri 30 a kudu, kuros yana tsayawa tsakanin 15 da 21, hazon Carina 18. A Afrilu da Mayu, musamman daren da ya biyo ruwan farko da ya wanke ƙura, ana ganinsu idan babu gini ko fitila ta kudu. Gajimaren Magellan ne masu wuya, babban digiri 8 kawai yake kaiwa, kuma lokacinsa ya faɗo cikin hazon hunturu. Su ka fi ba lokaci yanzu.

Idan lokacin sayen madubi ya yi

Ka bari sai ka iya nemo abubuwan nan ba tare da waya ba. Madubi yana nuna digiri 1 ko ƙasa da haka, wanda bai san hanya da tabarau ba zai sha wuya da shi. Idan ka tashi saye, faɗin baki za ka duba, don shi ke tara haske. Mai milimita 200, wato inci 8, yana tara ninki 16 na ido ɗaya na tabaronka. Ka guji masu siririyar ƙafa da aka rubuta ninki 500 ko 600 a kwalinsu. Iyakar ninkin da madubi ke bayarwa da kyau kusan biyu ne ga kowane milimita na bakinsa, saboda haka mai milimita 60 ba ya wuce 120, kuma ƙafar tana rawa da ɗan motsin iska. Irin da ake kira Dobsonian, mai inci 6 ko 8, shi nake ba mai farawa shawara: bututu ne a kan akwatin katako, kana tura shi da hannu, kuɗinka duk ya tafi a madubin.

Ni da ido nake kallo, ɗaukar hoton sama sana'a ce daban mai kayanta da tsadarta, shawarata ba ta shafe ta ba. Kafin ka biya ko sisi, ka leƙa ta madubin 'yan ƙungiya, gani ya kori ji. Ka kuma tuna kai ɗalibi ne mai komawa gida: mai inci 8 da akwatinsa ya kai kilo 20, bututun ya fi mita ɗaya, ɗaukarsa a jirgi wahala ce da kuɗi. Ka tambayi 'yan ƙungiyar ko akwai mai sayar da na hannu, ka yi amfani da shi, ka sayar wa wani ɗalibi idan za ka taho.